Makarar Aro

Batulu ta sha mutuwa a fim, amma ba a taɓa naɗe ta a likkafani ba sai ran nan a Dei-Dei, can gefen Abuja. Da can in za ta mutu, lumshe ido kawai take yi a kan gado, a ja mata zani har ka, mata su fasa kuka, shi ke nan, ta tashi ta nemi ruwan sha. Wannan karon kuwa darakta Sadisu ya kafe kai da fata shi gaskiya yake so. Wai zamani ya canza, sojoji sun koma bariki, Abuja ta cika da masu hannu da shuni, masu kallo sun waye, ba za su yarda a naɗe musu filo a farin ƙyalle a ce gawa ce ba. Mutum yake so a cikin makara, mai nauyin da za a gani a kafaɗun masu ɗauka.

Ta so ta ce ba za ta yi ba. Tun da ya faɗa mata ko karin kumallo ba ta iya yi ba. To amma sai ka san inda ta fito da inda take yanzu. Tun ba ta iya ɗaura zani ba kawunta Sale, mai kula da fitilu a wani gidan talabijin a Kaduna, ya riƙo hannunta ya kai ta aka sa ta a wasan kwaikwayo. A marainiya ta fito, mai kuka ba sauti, iyaye mata suka yi ta share hawaye da bakin zani daga Sakkwato har Yola. Da ta zama budurwa zamanin kaset ya shigo, hotonta ya hau kalanda da bayan bas da bangon shagon aski. Yanzu kuwa tsofaffin finafinan nata ake ta yabo, ita mai su ana kiranta ta fito a uwar wasu 'yan mata da ko tsayuwa gaban kyamara ba su iya ba. An daɗe rabon da a gina labari a kanta sai wannan. In ta yi gardama a kan likkafani, kafin magariba labari ya kai Kano cewa Hajiya Batulu ta tsufa ta fara tsirfa.

Akwai kuma abin da Kawu Sale ya dasa mata tun tana 'yar mitsitsiya, da mintsini ya dasa shi, a cinya inda kyamara ba ta gani. Da zarar an ce akshin, jikinki ba naki ba ne sai an ce kat. Ko ƙuda ne ya shiga ido, ko fitsari ne ya matse ki. Akwai ranar da ƙwan fitila ya fashe a kanta, gilashi mai zafi ya sauka a damtsenta, yarinyar nan ba ta ko ƙifta ba har aka gama. Da wannan ta yi suna a wajen daraktoci, ita ce wadda ba ta ɓata ɗauka.

Wani gida aka ara a bayan layin masu katako, makarar kuma aka aro ta a ƙaramin masallacin unguwa ta hannun ladan, aka ce masa yanzu-yanzu za a dawo da ita. Ba wanda ya ga dalilin sanar da liman ko mai unguwa. Haka 'yan fim suke, su diro wuri kamar an jefo su, su yi abin da ya kawo su, su naɗe wayoyinsu su tafi. Lantana mai kayan sawa ce ta yi naɗin a cikin ɗaki. Uwarta wankan gawa take yi a garinsu, don haka Lantana ba ta san wani naɗi na wasa ba, na gasken kawai ta sani. Ta shafa wa Batulu hoda mai ruwan toka, ta haɗa manyan yatsun ƙafarta ta ɗaure, ta miƙar mata da hannaye a gefe.

"Anti, ki yafe ni, ni kaina ban so wannan aikin ba," in ji Lantana.

"Yi sauri dai. Ina ce daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaron can ne?"

"Haka oga ya ce. Kina jin inuwa za ki ji kat."

Sai ta ɗaure mata haɓa da siririn ƙyalle zuwa tsakar ka, ta tura mata 'yar auduga a hanci sako-sako. Sadisu ya shigo aka ɗauki fuskar a haka, ya ce abin ya yi. Aka rufe fuskar, aka ɗaure ka da ƙugu da ƙafa, aka naɗe ta a tabarma, aka ɗora a makara, aka rufa zani a sama. Kunne kawai aka bar mata, don ta ji.

Aka ce akshin. Makara ta tashi. Samari 'yan wasa ne suka ɗauka, Nazir da ya fito a ɗanta yana gaba ta dama, ta gane shi da turarensa mai hawa ka. Ba su iya ba, sai tangaɗi suke da ita suna nishi. Nan da nan rana ta doki tabarmar. Tana jin ƙugin janareton aiki a bayanta, tana ce wa ranta yanzu za a kai.

Ba wanda ya duba agogo a cikinsu. Daidai lokacin aka sallame azahar a babban masallacin bakin kasuwa, mutane suka ɓarko ta layin za su koma shagunansu, masu siminti da masu rodi da masu kwanon rufi, har da dillalan shanu da sandunansu. Batulu ba ta gan su ba, jin su ta yi, takun silifa ba adadi da muryoyi suna innalillahi. Kowa ya san yadda ake yi in an haɗu da gawa. Mutum ya bar abin da yake yi ya bi, ya nemi gefen makara ya sa kafaɗa ya sami ladansa, wanda ke ɗauke kuma ya zame ya ba shi wuri, ba a hanawa, ba a tambaya. Ta ji makarar ta ɗan karkata, ta daidaita, tangaɗin ya daina. Ta kuma ji muryar Sadisu can gefe yana ce wa mai kyamara ƙasa-ƙasa, "Ci gaba, kar ka kashe, ga jama'a Allah ya kawo mana kyauta."

Har ta ji daɗi, wallahi. Ta ce a ranta wannan fitowar za ta yi kyau.

Inuwar mangwaro ta zo, ta ji sanyinta a fuska ta cikin ƙyallen. Ta kasa kunne. Inuwar ta wuce, rana ta dawo, ba wanda ya ce kat.

Ta ce ƙila ya ƙara nisa ne, daraktoci suna haka in abu ya yi musu kyau. Amma turaren Nazir ya ɓace, warin gumi da siminti da na turken shanu ya maye wurinsa. Takun ma ya canza, ya zama na waɗanda suka saba, da sauri, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa ba tare da an tsaya ba. Aka sha kwana. Ƙugin janareton ya yi ta raguwa har ta neme shi ta rasa.

"Gawar wa?" wani ya tambaya daidai kanta.

"Wata baiwar Allah ce daga layin masu katako."

"An sallace ta?"

"An sallata mana. Ba ka ga daga ƙofar gida aka ɗauko ta ba?"

Nan ta gane inda ake kai ta, kuma ba za a tsaya ko'ina ba a hanya. Tsoro ya taso mata daga tafin ƙafa har ta ji haƙoranta suna haɗuwa a cikin ɗaurin.

Za ka ce to me ya hana ta motsi tun a nan? Faɗa da baki ba wuya. Na farko dai, jikin da ya shekara da shekaru yana jiran kat ba ya iya ba wa kansa izini a take, sai ta ji kamar tana motsawa muryar Sadisu za ta fito daga wani lungu yana salati an ɓata masa ɗauka. Na biyu kuma ta san mutane. Tana nan aka dawo da wasu abokan aikinta daga wani gari inda suka shiga maƙabarta da kyamara ba izini, aka ƙone kayansu, ɗaya har yau da ido ɗaya yake gani. Waɗannan da ke ɗauke da ita sun bar shagunansu a buɗe saboda Allah, suna yi mata addu'a da zuciya ɗaya. In suka gane wasa aka yi da su, da makarar masallaci, me za su yi wa Lantana da yaran can? Me za su yi mata ita?

Suna cikin haka aka hau babban titi. Ta ji zafin kwalta, ta ji ƙarar birkin tirela kusa da kunnenta, ana buga jikin mota ana cewa a tsaya ga gawa. In ta zabura a nan, sakinta za su yi kowa ya yi ta kansa, ta faɗo a ɗaure gaban taya. Ta ce bari a tsallaka tukuna. Aka tsallaka.

Sai ta yi ƙoƙarin kiran sunan Allah da ƙarfi. Haɓa a ɗaure, abin da ya fito wani gurnani ne da ita kanta da kyar ta ji, ga hon ɗin motoci, ga mutane suna kalmar shahada. Ta ce bari ta lanƙwasa gwiwa ta doki tabarmar. Gwiwar ta ƙi. Ɗaurin Lantana ya hana jini gudu, ƙafafun sun mutu, hannayen ma tana aika musu saƙo ba sa amsawa. Ta girgiza kafaɗa iyakar ƙarfinta, amma makarar da ma rawa take a kan kafaɗu, wa zai bambance? Tsoro ya sa ta ja numfashi da ƙarfi, audugar nan ta shige can cikin hanci ta toshe. Daga nan ba ta ƙara tunanin ihu ba. Duk ƙarfinta ya koma ga jawo 'yar iska ta tsakanin haƙora, iska mai zafi da ɗanɗanon hoda, ga gumi yana shiga mata ido.

Ta tuno mahaifiyarta da ta rasu tana wajen ɗaukar fim a Jos, ba ta sami ganin gawar ba. Ta tuno sallolin da ta haɗa saboda aiki. Ta roƙi Allah, ba da kalmomin da take haddacewa a fim ba, da 'yan guntayen da suka zo mata, ta ce ya Allah kar a rufe ni da raina.

Hayaniyar titi ta yi baya. Ta fara jin busassun ganye a ƙarƙashin ƙafafu, da kukan kurciya, da ƙamshin sabuwar ƙasa. A garin da baƙi suka fi 'yan gida yawa, kullum ana faɗowa daga saman gini, masu haƙa ba sa jira a aiko, kodayaushe akwai rami a shirye. Aka sauke makarar a hankali. Wurin ya yi tsit, irin shirun da take nema tun ɗazu, sai dai yanzu ba ta da iskar da za ta yi sauti da ita. Kanta yana juyawa, muryoyi suna zuwa suna tafiya.

"Baba Dallatu, ga baƙuwa an kawo," wani ya ce.

Muryar tsoho ta matso, shi ne mai kula da maƙabartar. "Mace ce? To muharramanta su matso su sa ta. Miji, ko uba, ko ɗa, ko ɗan'uwa."

Ba wanda ya matso.

"Ina masu gawa?"

Aka fara gunaguni, kowa na cewa shi a hanya ya karɓa. Sai wani ya ce, "Ga wancan mai hular hana-salla, shi na gani a ƙofar gidan yana nuna hanya. Malam, matso mana."

Ta ji takun mutum yana haki, ta ji tarin nan nasa na mai shan sigari. Sadisu ne, ya biyo. Wani daɗi ya rufe ta har hawaye suka zubo mata. Kalma ɗaya kawai zai faɗa, ko ya durƙusa ya kwance tabarmar.

"Malam, gawarka ce?" in ji tsohon.

Ta ji ana gyara riƙon sanduna, ba da wata manufa ba, tsayuwa ce ta gajiyar da mutane. Amma Sadisu ma ya ji, kuma shi ma ya san labarin mai ido ɗaya.

"A'a, Baba," in ji Sadisu. "Ni ma gani na yi na biyo."

Mutumin da ya gama cika baki da safe shi gaskiya yake so, ga gaskiyar an kawo masa har gabansa, ya ce bai san ta ba. Ƙila a ransa yana cewa yanzu zai samo dabara, ƙila yana jira ta motsa da kanta ta ɗauke masa nauyin. Oho. Batulu dai ta ji shi da kunnenta.

"Wace irin gawa ce wannan ba mai ita?" in ji Baba Dallatu, ransa a ɓace. Wasu suka ce a jira, ƙila dangin suna baya. Wasu suka ce rana ta yi zafi, ba a barin mamaci a ƙasa, kuma a Abujar nan mutum nawa ne ke mutuwa ba nasa kusa? Su ne suka fi yawa. Tsohon ya yi ajiyar zuciya ya ce to dattawa biyu su taimaka masa, sauran su ja zanin nan a saman ramin, mace ce.

Aka warware tabarma. Hannaye suka shiga ƙarƙashinta suka ɗaga. Ta tara duk abin da ya rage mata ta ce wa jikinta ya motsa, abin da ya motsa bai wuce yatsa ba.

"Baba, jikin nan da ɗumi fa," in ji ɗaya daga cikin dattawan.

"A wannan ranar me za ka ajiye bai yi ɗumi ba? Riƙe da kyau."

Suka sauke ta a kan gefenta na dama. Ƙasar da sanyi, ramin ya matse ta gaba da baya, daidai ita kamar an gwada. A sama tana jin ana jibge itacen rufi, ana zuba ruwa ana kwaɓa ƙasa. Dattawan biyu suka fita. Saura tsohon shi kaɗai a ƙarƙashin zanin, yana bismillah, yana kwance ɗaurin kamar yadda ake yi wa kowa. Ya kwance na ƙafa. Ya kwance na ƙugu. Ya zo na ka, ya buɗe ƙyallen don ya ɗora kuncinta a ƙasa.

Ido biyu suka yi.

Bai yi ihu ba. Bakinsa ya buɗe, ya jingina da bangon ramin kamar zai shige ciki. Ita kuwa ba abin da za ta iya sai ƙifta ido, ta yi ta ƙiftawa, hawaye suna wanke hodar suna barin layi a fuskarta. Ya daɗe yana kallon hodar nan. Sannan ya miƙo hannu ya zare audugar, ya sassauta ɗaurin haɓar. Iska ta shige ta da zafi kamar an ɗura mata yaji.

"Baba, a miƙo itace?" aka tambaya daga sama.

"Ku dakata," ya ce, muryar ba tasa ba. Ya sunkuyo daidai kunnenta. "Baiwar Allah, mutum ce ke?"

"Mutum ce, Baba." Da kyar maganar ta fito. "Fim ne. Fim muke yi."

Ya runtse ido ya yi salati a hankali. Ta ga shi ma tsoron ne ya kama shi, ba nata ba yanzu, na abin da ya kusa yi da hannunsa, da na mutanen da ke tsaye a kansu.

"Kar ki ƙara faɗar wannan kalmar a nan," ya ce. "In suka ji, wani ba zai kwana a duniya ba yau. Zan ce doguwar suma ce, Allah ya dawo da ke, ki bar ni da su. Amma ba zan fito da mace a likkafani in tsayar da ita gaban maza haka kawai ba, sai an sami wanda zai karɓe ki a hannuna. Akwai naki a saman nan?"

Ta cikin zanin tana ganin inuwar ƙafafu sun kewaye ramin. Wani ya fara addu'a, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, ya ba nata haƙuri. Mutane suka amsa. A cikin masu amin ɗin ta tsinkayi muryar Sadisu, a can baya, ƙasa-ƙasa.

"Babu, Baba," ta ce. "Ba ni da kowa."

Tsohon ya dube ta. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya rufa mata a kafaɗa, ya tallafo kanta daga ƙasar, sannan ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja da baya, a kawo masa ruwan sha.